Hannun Injiniya Benjamin

Makera, ranar Litinin

Zuwa ga jikata Damaris,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata ke da mahaifiyarki kuna lafiya a Kakau. Ni dai gwiwa ta hana ni zuwa sujada jiya, tarin kuma yana nan. Kunnena ba ya jin waya, shi ya sa na ba maƙwabciyata Maman Gloria wannan takarda ta kawo miki.

Na jera wasan ces ɗin nan, darar Turawa, da kika buga da Injiniya Benjamin a gasar nan, kamar yadda kika rubuto min shi. Kowa na taya ki murna wai kin yi canjaras da gwanin da ya fi ki nesa. Ni ban ga abin murna ba. Mutumin ya raina ki, kwaɗayin cin soja ɗaya ya sa ya bar sarkinsa ba mai gadi. Dokinki tsalle ɗaya ya rage masa ya tsare sarki da sarauniya lokaci guda. Sai kawai na ga an rubuta canjaras. Idonki a rufe yake ne? Ki zo ran Asabar in nuna miki a kan allo.

Kakanki,
Sylvanus

Kakau, Laraba

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Sannu da jiki. Mama ta ce a daina barin maganin tari a aljihu.

Na ga dokin, Baba. Har hannuna ya tashi. Amma Injiniya yana gama nasa bugun sai ya ce, "'Yata, mu raba," ya miƙo min hannu. Mutum ne mai furfura, dattijo a cocinsu, ga jama'a tsaitsaye a kanmu. In bar hannunsa a iska? Ku kuka koya min cewa babba ba ya miƙo hannu yaro ya tsaya lissafi. Har russunawa na yi. Ya yaba tarbiyyata, ya tambayi sunanku.

Zan yi ƙoƙari in zo.

Taku,
Damaris

Makera, Alhamis

Damaris,

Ina amsa gaisuwarki. Tun da na karanta takardarki abinci bai shiga ba.

Wato kin gani kika bari. Da makanta ce da na yi haƙuri. Russunawa a bakin ƙofa ake yinta, ba a kan allo ba. Doki bai san furfura ba. Kina tsammani tausayinki ya ji? Ya hango sarauniyarsa ta tafi, ya duba ya ga 'yar gidan mutunci ce a gabansa, sai ya fito da shekarunsa ya buga da su. Sunana kuwa ya ajiye shi, ban aike shi ba.

Tun kina tsayawa kan turmi don ki kai tebur nake cinye ki ba sassauci, don kada wata rana a yi miki haka. Allon na nan a jere. Na sa Maman Gloria ta sayo kifi.

Kakanki

Kakau, Juma'a

Baba,

Barka da yini. Don Allah ku ci abinci. Injiniya ya aiko wai in riƙa zuwa ajinsa a Tudun Wada duk Asabar, kyauta. Mama ta riga ta amsa masa, ta ce ba a ƙin alherin babba. In an tashi da wuri zan biyo. Amma in faɗa ne, Baba, na riga na ji.

Damaris

Makera, Asabar da yamma

Damaris,

Ki je ajin, ya fi ni sani, ban musa ba. Amma ki jera masa wasan nan a gaban ɗalibansa, ki sa dokin inda ya kamata, ki tambaye shi cikin ladabi me zai buga. Hannayenki kuma su tsaya a cinya.

Ubangiji ya kiyaye ki. Na zauna a baranda har masu kasuwa suka gama wucewa. Ba ki zo ba.

Sylvanus