Karsanar da Aka Hana Nonon Uwarta

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyar da ke karɓar kiwon shanun mutanen cikin gari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni tsohuwar malamar firamare ce a Zaitawa. Sau uku ina zuwa ofishinka ana cewa ka fita, shi ya sa na rubuto kowa ya gani.

Na farko. Da maigidana ya rasu, saniya ɗaya mai ciki ya bar mana. Lungunmu ko adaidaita ba ta shiga, balle a ɗaure saniya, sai na kai ta garkenku bisa sharaɗin da kowa ya sani: madara taku, abin da ta haifa nawa. Ban lura ba cewa na sa 'yar maraƙa takara da bokitinku.

Na biyu. Ranar haihuwar, makiyayinku ya tatse dakashi, nonon farkon nan mai kauri, ya zubar, wai yana sa zawo. A gabana aka yi, ban hana ba, domin abin da na taso na ji ana faɗa ke nan. Wannan laifina ne, kuma yana cina har yau. Sauran naku ne: kullum 'yar maraƙar tana ɗaure, ba a sakinta sai an tatse uwar tas, ta yi ta tunkurin hantsa a banza.

Na uku. Uwar ta mutu bara. 'Yar ta ga damina huɗu, amma in ka gan ta sai ka rantse 'yar shekara ce. Sa'o'inta sun haihu, ita ko ciki ba ta taɓa ɗauka ba. Dusa, harawa, kanwa, ba abin da ban kai mata ba. Likitan dabbobi ya ce abin da aka hana ta a watannin farko ba ya dawowa, kuma ko ta haihu nonon ba zai taka kara ya karya ba. A adaidaita na yi kukana har gida, don ita nake sa rai za ta zame wa jikokina marayu garke.

Ba diyya nake nema ba, Alhaji. Ku daina zubar da dakashi, ku bar wa kowane maraƙi rabonsa kafin ku kawo bokiti. Akwai guda shida a ɗaure a igiyar garkenku, na ƙirga su, kuma kowanne da mai sa rai a kansa.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Tawa karsanar kam, ranar Juma'a mahauci zai zo ya tafi da ita.

Wassalam.