Dashen da Kawu ya yi mini a kan dutse

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin don Allah a ɓoye sunana. Yau kwana goma ke nan ko abinci ba ya yi mini daɗi, na rasa wanda zan faɗa wa, shi ya sa na kawo muku. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku fara yi mini wa'azi, don wa'azin nan na yi wa kaina har na gaji.

Ni malama ce, ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Bebeji, da aurena da yara uku. Shekara uku da suka wuce na samu hutun ƙaro karatu na shiga digiri na biyu. Aikina a kan wani furen daji ne da ake ce wa okid, a ƙauyen kawuna can Doguwa albasar daji kawai suke ce masa, don yana da kai a cikin ƙasa kamar albasa. Iri biyu ne, dangin juna na kusa sosai. Ɗaya a fadama take, ba ta son ƙafarta ta bar danshi, ɗayar kuma a saman dutse take, a 'yar ƙasar da ke tsakanin duwatsu, inda rani ke gasa komai. Abin da nake nema shi ne, mene ne a cikin ƙwayoyin halittar ta dutse da ya sa take jure wa fari, alhali 'yar uwarta ba ta iyawa. Mutane sun sha yi mini dariya, wai na bar maigida da yara ina bin ciyawa, ban taɓa damuwa ba, don wallahi ina son aikin nan.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya nuna mini wuraren. Dattijo ne manomi, ya haura sittin, gwiwarsa ɗaya ba lafiya, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. A daminar farko muka hau dutsen tare, na kafa ɗan ƙarfe mai lamba a gindin kowace shuka, ashirin a dutse, ashirin a fadama. Da zan tafi na ce masa, Kawu ga amana nan, a kular mini da su. Wannan maganar tawa ita ce ta jawo komai, don ban yi masa bayanin me nake nufi da kula ba, ni tunanina kawai kar a tuge mini ƙarafa.

Da damina ta zagayo na koma na yanki ganyen kowace, na busar, aka kai lab, wato ɗakin gwaji. Na lura wasu na dutsen ganyensu ya ɗan fi faɗi, amma a farkon tsiro duk kama suke yi, sai sun yi fure ake rabe su da ido, kuma ba kowace shekara suke fure ba, sai na wuce abina. Da sakamako ya fito, tara daga cikin ashirin na dutse ƙwayoyin halittarsu na fadama ne sak. Malamin da ke duba aikina ya sa aka maimaita gwajin, aka sake samun haka. Ku zo ku ga murna wurin bawan Allah nan! Ya ce wannan yana nuna 'yar fadama tana iya hawa dutse da kanta ta rayu, ya ce shi kansa bai zaci haka ba, mu karkatar da aikin gaba ɗaya ta nan. Haka na yi. Babi biyu na rubuta a kan shukoki taran nan, kusan shekara guda ina fama, ga girki ga yara, kuma saura sati uku in kare aikin a gaban malamai.

Ran Asabar ta wancan makon muka je suna ƙauyen Kawu. Bayan an watse ina zaune kusa da shi a tabarma, ina ba shi labarin cewa aikin ya yi kyau, har da cewa wasu guda tara ne suka fitar da ni kunya. Sai na ga yana murmushi yana shafa gemu. Ya ce, “Uwata, ai na san su. Ba waɗanda ke gefen tsamiya ba, da na bakin kogon nan? Ai ni na dasa miki su.” Na ce Kawu dasawa kamar yaya? Ya ce da rani birai suka hau suka tone kawunan suka cinye, ya je ya tarar da ƙarafa tara a tsaye babu komai a gindinsu. “Na ce yarinyar nan ta ba ni amana, ta zo ta tarar da gurbi? Wane manomi ne zai bar gurbi a gona yana kallo? Na gangara fadama na haƙo masu kyau, na zaɓi manya-manya, na sa a kowane rami. Jarka nake ɗauka in hau in ba su ruwa, duk bayan kwana biyu, har ruwan sama ya sauka.” Ya ce bai faɗa mini ba ne don kar in ce ya wahalar da kansa.

Jama'a! Dutsen nan ni da ƙuruciyata sai na huta sau biyu kafin in kai sama, shi kuma da wannan gwiwar ya yi ta hawa da jarka wata biyu cur saboda ni. Yana kallon fuskata yana jiran in yi murna, me zan ce? Na ce Allah ya saka da alheri Kawu, na tashi na zagaya bayan ɗaki na yi kukana. Washegari da sassafe na hau dutsen ni kaɗai. Bana Kawu bai samu ba su ruwa ba saboda ciwon gwiwar ya matsa masa, bakwai daga cikin taran sun mutu, na tona da hannuna na tarar da kawunan sun bushe ƙamas, biyun da suka rage ma sai a hankali. Wato gaskiyar magana 'yar fadama ba ta iya zaman dutse, kuma ni na rubuta babi biyu ina cewa tana iyawa.

Da muka dawo gida na faɗa wa maigida, nan ma wata rigimar. Da farko dariya ya yi har da riƙe ciki, wai Kawu ya yi gyaran gangar Auzinawa, sai da ya ga ba wasa a fuskata. Shi ra'ayinsa in ja bakina in yi shiru. Ya ce ban yi ƙarya ba, abin da na'ura ta nuna na rubuta, kuma wa zai bar aikinsa ya hau dutse a Doguwa don ya ƙirga ciyawa? Ya tuna mini hutun karatuna zai ƙare ƙarshen zangon nan kuma an riga an ce ba ƙari, in aka ce in sake aikin sai na jira wata daminar, ga aji yana jirana, ƙila digirin ya tafi ke nan. Na ce masa da ban sani ba kuskure ne, yanzu da na sani sunansa ƙarya, kuma ni ce nake tsayawa gaban yara ina hana su satar amsa. Ya ce to in je in tona wa kaina asiri tunda na fi kowa tsoron Allah, amma in tuna shekara uku yana haƙuri da ni da tafiye-tafiyena. Kwana biyu ba mu yi wata doguwar magana ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, wani sashe na zuciyata yana son maganarsa, don na gaji, wallahi na gaji.

Ana wata ga wata. Shekaranjiya malamina ya kira ni, ya ce kafin ranar kare aikin yana so ya ga shukokin nan tara da idonsa, ran Asabar mai zuwa za mu je, har da wani abokin aikinsa da ya ji labari yana sha'awa. Na ce to Malam. Na kira Kawu don in sanar da shi baƙi na tafe, a tunanina in lallaɓa in yi masa bayani, kafin in kai ga maganar ya katse ni da murna. Ya ce ya ji an ce wasu sun bushe, kar in damu ko kaɗan, ran Alhamis zai sa a kai shi fadama a babur ya haƙo sababbi, yanzu ƙasa da danshi, kwana biyu sun isa su miƙe, manyan baƙi ba za su zo su ga gonata da gurbi ba. Ya ce in dai yana numfashi ba zan ji kunya ba. Na ce masa Kawu bari zan sake kiranka, har yanzu ban kira ba.

To ga inda nake. In na ƙyale shi ya dasa, dole kuma in roƙe shi ya yi shiru a gaban malamina, dattijon da ban taɓa jin ya yi ƙarya ba in koya masa ita da furfurarsa, kuma wannan karon ba birai ba ne, ba shi ba ne, ni ce. In na je na faɗa wa malamina gaskiya, ban san ko zai yarda kuskure ne ba, ko zai ɗauka da hannuna tun farko, ƙila in rasa digirin baki ɗaya. Kuma ko ta wace hanya na bi sai na hana Kawu dashen nan ko na bar shi, in zan hana shi dole in faɗa masa dalili, wato in dubi mutumin nan in ce masa ruwan da ya yi wata biyu yana hawa da shi dutse shi ya rushe mini aiki.

Don Allah waɗanda suka yi karatu mai zurfi a cikinku, in ɗalibi ya kawo irin wannan maganar saura sati uku, ana sauraronsa ko korarsa ake yi? Iyayenmu da ke guruf ɗin nan kuma, da wane baki ake faɗa wa dattijo irin wannan? Yau Talata, jibi da safe Kawu zai ɗauki fartanyarsa.