Ni Ce Na Ɗauki Katin Rediyon

Tanti Zeinabou, ina gaishe ki. Don Allah don Annabi ki taimake ni, kada ki sa wasiƙata a ƙarƙashin ta wasu, domin zuwa Juma'a kawai aka ba mu. Abin da zan faɗa miki ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Innarmu, ko Balki da muke zama benci ɗaya a lakwal, wato makaranta. Ni ce na ɗauki katin. Mutum biyu sun zubar da jini a kansa, ni kuwa ina zaune ina tankaɗe kamar ban san komai ba.

Bari in faro daga farko, na san ina haɗa magana.

Shekarata goma sha shida, a Gamkalley muke. Babanmu ya rasu, yayana Mijinyawa ne ke riƙe da gida. Direba ne, yana tuƙa motar gida ta wani babban soja, irin waɗanda tun da aka yi juyin mulkin nan ba a haɗa ido da su. Da damina ta ƙi, danginmu na wajen Tahoua suka taho, bisashensu na kiwo sun mutu, mu huɗu muka koma goma sha uku a ɗaki biyu. Duk a aikin Yaya muke ci. Tanti, ni ba ni da surutu, abina littattafan soyayya, ina hayarsu wajen wani dattijo a Zongo. To yanzu ba inda zan zauna in karanta, ko bayi na shiga sai an buga ƙofa. Yaya yakan zo da motar da rana ya wanke ta, ya ci abinci ya ɗan kishingiɗa. Sai in lallaɓa in shiga gaba in ja ƙofa. Zafi kamar tanda, amma shiru. Kunya nake ji in rubuta wannan, amma nakan ɗauka ni ce yarinyar cikin littafin, an zo ɗaukata, mai motar ya shiga gaida Inna ne yanzu zai fito.

Wata rana Yaya ya farka da wuri, na ji shi yana neman makulli. Cikin sauri na buɗe ɗan akwatin gaban mota ina neman abin da zan sa alamar shafi, hannuna ya faɗa kan wani ɗan kati mai kauri, fari, da zanen makulli da lamba huɗu. Na soke shi a littafin na fito. Wallahi na ɗauka irin tarkacen da Turawa ke bari ne a motocin da ake kawowa daga Kwatano. Kwana biyar yana wurina, na gama littafin na mayar da shi da katin a ciki.

Sati biyu da suka wuce batirin motar ya mutu. Yaya ya kai ta garaji wajen Mumuni mai gyaran wutar mota, mutumin Saga, magidanci mai ƴaƴa biyar, aka sa sabo. Da aka tayar, rediyo ya ƙi magana, sai kalma ɗaya a fuskarsa, CODE. Mumuni ya ce haka irinsu suke, in an raba su da batir sai an ba su lambarsu, kuma lambar tana kan kati a akwatin gaba. Suka zazzage akwatin, babu. Yaya ya gwada lambar motar, ya gwada shekarar haihuwar maigidan, sai Mumuni ya riƙe hannunsa ya ce ya bari haka, in ya ƙara kuskure zai iya kullewa gaba ɗaya.

Sojan nan kuwa ba ya shiga mota sai da labaru a kunnensa. Da Yaya ya mayar masa da motar, ya ce shi ya sani, rediyon da ke neman lamba na sata ne, wato Yaya ya sayar da nasa na asali ya maƙala masa na ɓarayi. Ya sa masu gadinsa biyu suka tuɓe wa Yaya riga, suka kwantar da shi kan siminti da tsakar rana, suka yi ta zabga masa bel ta wajen ƙarfen. Ɗaya ya taka masa kai da takalmin soja. A taksi aka kawo mana shi. Bayansa duk ya tsattsage, haƙori ɗaya babu, jini na fita ta kunnen hagu, har yau ba ya ji da shi. Ni na riƙe kwanon ruwan zafi Inna tana gasa masa, sau uku ina zubar da ruwan ya koma ja. Bakina ya buɗe, Tanti, wallahi ya buɗe, amma ba abin da ya fito.

Da ya iya miƙewa ya nufi garaji. A ransa Mumuni ne ya ɓoye katin. Yayana da ko kaza sai a kai maƙwabta a yanka mana, shi ne ya ɗauki ƙarfen kwance taya ya sauke wa bawan Allah a fuska. An yi masa ɗinki a gira, idon kuwa an ce sai abin da Allah ya yi. Jiya ƙannen Mumuni uku suka zo ƙofar gidanmu da sanduna suna zagi da Zabarmanci, ɗaya ya jefo dutse ya fasa mana randa, yaran baƙinmu suna ta ihu, sai da liman ya fito ya shiga tsakani. Sun ce za su dawo. Sojan kuma ya bar motar a ƙofarmu ya aiko: zuwa Juma'a, ko rediyo ya yi magana, ko a kai Yaya inda ba za mu san hanyar kai masa abinci ba.

Na koma Zongo. Littafin yana nan, katin babu. Dattijon ya ce kullum yana kaɗe littattafansa, ƴanmata na barin wasiƙu da busasshen fure a ciki, shi kuwa tarawa yake ya ƙone. Na tona tokar da hannuna yana kallona kamar mahaukaciya.

Na sha kallon lambar nan fa. Na san da bakwai ta fara, akwai biyu, akwai tara, amma na kasa tuna wace ke gaban wace, ta huɗun kuwa ta ɓace mini. Wani lokaci sai in ce in saci makulli in gwada, in Allah ya sa ya buɗe shi ke nan, ba wanda zai taɓa sani. Tanti in gwada?

Ba duka nake tsoro ba, in Yaya ya dake ni na ci. Amma shi ne fa yake ce wa Inna a bar ni da karatuna, ai ya fi yawo. Abin da nake tsoro, in faɗa masa, ya juyo mini da kunnen da ke ji ya ce in maimaita.

Sau uku ina rubuta wannan, biyu na yaga. Wannan ma na kai ta bakin murhu. Sai na hango Yaya zaune a zaure da ƙarfen nan a gefensa yana jiran mutanen Saga. Gobe kafin lakwal zan biyo ofishinku in miƙa ta da hannuna.

Ƴarki mai kuka a ɓoye, Gamkalley.

AMSA

Ƴata, na karanta, kuma na sa ki gaban kowa. Na canza sunaye, na cire abin da zai nuna maigidan yayanki, kin san zamanin da muke ciki. Yau Laraba, kwana biyu gare ki, don haka ba zan tsaya lallashi ba.

Kada ki taɓa rediyon nan. Lamba uku da ba ki san jerinsu ba ba lamba ba ce, kuma in ya kulle a hannunki kin ƙara wa yayanki wani dukan. Na aika an tambayo mini wani tsohon mai gyaran rediyon mota a wajen Babbar Kasuwa. Ya ce kowane irin wannan rediyo, na sata ko na halal, haka yake yi in an cire batir, saboda haka zargin maigidan ba shi da tushe. Ya ce akwai wata doguwar lamba a jikin rediyon in an zaro shi, da ita masu sana'ar suke samo lambar buɗewa, wasu ma daga cikin na'urar suke karanto ta, kuma sau da yawa aikin yini ɗaya ne. Ku nemi irinsa yau. Katin ya ƙone, amma shi ne ƙaramin abin da ya lalace a labarin nan.

Yanzu ke. Ɗaukar kati ganganci ne na yarinta, ba ke kika ɗaga bel ba, ba ke kika taka kan mutum ba. Wanda ya sa aka yi wa ɗan mutane haka a kan rediyo zai amsa a gaban Allah, kuma ƙarfen da yayanki ya ɗauka shi ma nasa ne, zafin duka ba ya halatta fasa idon wani. Amma shirun da kika yi daga ranar da kika riƙe kwanon nan, wannan naki ne. Da kin yi magana ranar, da Mumuni na garajinsa da ido biyu. Ba don in ƙara miki kuka na faɗa ba, don ki gane shirun bai gama ɓarna ba tukuna. A littattafanki yarinya takan haɗiye magana shafi ɗari biyu kuma a ƙare da biki. Ba zan ce ki daina karanta su ba, ni ma na karanta, amma a zauren gidanku akwai ƙarfe.

Ki faɗa wa Innarku yau, ke da ita. In bakin ya sake ƙi, miƙa mata jaridar nan a karanta mata. Ita ta kira liman, a gabansa a gaya wa yayanki, kada ku kasance ku biyu kaɗai, mutumin da ke cikin wannan hali bai san hannunsa ba. Daga nan Saga za a fara zuwa, kafin gidan soja. Yayanki ya je da liman da wani dattijo, ya durƙusa ya faɗi gaskiya, ku ɗauki nauyin maganin idon gwargwadon hali. Mutumin da aka zalunta yana da haƙƙin ya ji an wanke shi a gaban ƙannensa, kuma shi ne shaidar cewa ba a canza rediyon ba.

Ranar mayar da mota kada yayanki ya je shi kaɗai, liman da mai unguwa su raka shi. A ce kati ya ɓata a gida, shi ke nan. Sunanki kada ya shiga gidan sojan nan, ke kuma kada ki kuskura ki je roƙo. A kai kunnen asibiti, ruwan zafi ba zai yi masa ba. Batun ya ci gaba da tuƙa wa wannan mutum ko ya bari, na san baki goma sha uku ba wasa ba ne a bana, ba zan yanke masa daga kan kujerata ba, amma ya fara sa ido a wani wurin.

Wataƙila yayanki ya yi wata ɗaya bai dube ki ba. Ki jure, ki ci gaba da ajiye masa abincinsa. Gara ya yi fushi da ke a gida da a ɗauke shi ranar Juma'a yana zaton kowa ya cuce shi ban da ke.

Allah ya ba Mumuni idonsa, ya ba yayanki lafiya, ya kwance miki harshe, ya kuma ba mu damina mai albarka.

Tanti Zeinabou