Takalman da ke Kafaɗar Kaka

Kraków, 3 ga Mayu

Yaya Genowefa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Bayan haka, ranar Lahadi iyayen saurayin 'yata Halinka za su zo mu ga juna. Uban nasa likita ne, uwar kuwa an ce ko shara ba ta fita zubarwa sai da safar hannu.

Kin tuna tsohon zanen kasuwar Tarnów da Baba ya bar mini, wanda ya ce matar da ke bakin rijiya kakarsa ce? Ga masu keken doki da dogayen huluna, ga ta nan ƙafa a ƙasa kamar mai bara. Halinka ba ta da sakata a baki, sai ta nuna musu ita. Ina tsoron su raina yarinyar. In sauke shi?

Ƙaninki,
Bronek

Tuchów, 6 ga Mayu

Bronek,

Gwiwa da sauƙi, kai ne dai abin tausayi. Shekara talatin kana koyar da 'ya'yan mutane, kai ba ka koyi kallo ba! Lallai kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sa tabarau ka dubi kafaɗarta ta hagu. Abin da kake zaton ƙunshin tsumma ne, takalma ne ƙafa biyu. Haka matan ƙauye ke shiga gari: a rataya takalmi kada hanya ta cinye shi, a wanke ƙafa a rijiya, sannan a saka a shiga coci. Ni ma na yi. Kai auta a goye ake shiga gari da kai, ina za ka sani?

In ka sauke Kaka, kada ka sa ran cukun da nake aiko maka bana.

Yayarka mai ƙaunarka duk da haka,
Genowefa

Kraków, 11 ga Mayu

Yaya,

Na ga takalman, na ji kunya, na bar ta a bango.

Halinka kuwa ta nuna, tun kafin a zuba shayi. Matar likita ta daɗe tsaye gaban zanen. Can ta ce, "Ashe ku masu hali ne. Tawa kakar ko na ratayawa ba ta da su."

An sa biki watan Satumba. Aiko da cukun.

Naki,
Bronek