Ciwo Ɗaya a Zama Ɗaya

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai ɗan tari da ciwon baya.

Na sha wuya kafin in ga likita, kullum na kira sai a ce in sake kira gobe. Da na shiga na gama maganar tari, zan kawo ta baya, sai ya ce wai ciwo ɗaya ake dubawa a zama ɗaya. Na gyara zama na ce, "Likita, jikin nan guda Allah ya ba ni, ba gunduwa-gunduwa ba. Ba inda za ni." Haka ya duba duka.

Ki ɓoye wa Inna tarin, amma ki gaya mata bakina na nan yadda ta san shi.

Ƙanwarki