Baban Ishaya, 'Ya'yanka Na So Su Sa Ni a Jirgin Sama

Zuwa ga maigidana, Baban Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana hutawa lafiya a inda ya ajiye ka. Mu nan Samaru lafiya lau muke. Damina ta kankama, ɗakin baya yana nan yana yoyonsa, makarantar cocin da nake ɗan taimaka wa tun da na yi ritaya kuma ta ba da dogon hutu. Maganar hutun nan ce ta zaunar da ni rubuta maka. A fili na sa rubutun, na kuma san 'ya'yanka za su gani. Su gani mana, ai da su nake.

Matar ɗanka Ishaya ta sauka lafiya a Fatakwal, mace aka samu. Ya kira ni ya ce in zo in yi hutuna a wurinsu, in ga jika, in huta da alli. Har rawa na taka a tsakar gida. Sai ya ƙara da cewa Rifkatu, autarka da ke aure a Basawa, za ta raka ni Abuja ta sa ni a jirgin sama. Nan take rawar ta tsaya.

Kai ka san ni da jirgi. Shekara da shekaru ƙananan jiragen nan na masu koyon tuƙi suna shawagi a kanmu, amma har yau in ɗaya ya yi ƙasa-ƙasa ina shanya, sai na tsinci kaina a ƙofar kicin. Kana zaune a kujerarka kana dariya, kana cewa, "Saratu, ba a kanki za su sauka ba." Yaran da ke koyon abin a kasuwa nake ganinsu suna cinikin tumatir, wani ko gemu bai fara ba. Ba na raina su, Allah ya ba su sa'a. Amma abin da ba za ka iya ce wa direbansa ya tsaya ka sauka ba, ni ban ga dalilin shigarsa ba.

Kai ma da kake min dariya, yaushe ka taɓa hawa? Mutumin reluwe ne kai har ka koma ga Allah. Ina tuna tafiyarmu Kafanchan hutun Kirsimeti, mu shiga jirgin ƙasa a tashar Sabon Gari da kular tuwo da kaza a ɗaure, yara na rigimar wanda zai zauna bakin taga. Kowace tasha sai ka faɗa musu sunanta tun ba mu iso ba. Ka sha cewa ba ka yarda da tafiyar da ba ka ga inda kake bi ba.

Da tsoro ne kaɗai, da na rufe ido na sha maganin hawan jinina na shiga. Amma akwai abin da nake sansanowa a cikin maganar nan, Baban Ishaya, kuma bai yi min daɗi ba.

Na riga na haɗa tsaraba. Na daka yajin jego da hannuna, na sayo daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a kasuwar Sabon Gari, na sa an kawo min man shanu mai kyau. Sai ɗanka ya ce kada in ɗauko komai, wai ana auna kaya a jirgi, kuma akwai komai a can. Ni in je gidan mai jego hannu na dukan cinya? Da farko surukata na zarga, na ce warin daddawa ne ba ta so a gidanta mai sanyin inji. Allah ya yafe min, yarinyar ba ruwanta.

Rifkatu ce ta tona kanta. Ta zo taya ni shirya akwati, ta fitar da ƙullin yajin ta ajiye gefe, sannan ta ce in haɗa duk takardun asibitina. Can sai ta ɗaga kai ta dubi hotonka na falo, wanda ka sa kakin aiki, ta ce ai shi ma zai shiga akwati in an cire gilashin. Wato yaji ya yi nauyi, amma hoton bango bai yi ba. Wa ka taɓa gani ya tafi hutu da hoton bango? Da za ta tafi kuma ta tambayi makullin gida, wai don ta riƙa zuwa tana shara.

Bayan kwana biyu mijinta ya zo da wani mutum mai tef ɗin awo, wai zai duba yoyo. Ɗakin baya ne ke yoyo, amma falo ya auna, ya leƙa ɗakinka, ya tsaya yana kallon inda za a iya fasa ƙofa ta waje. Ni da na tsufa a Samaru za a ɓoye wa wannan? Haka aka yi wa gidan maƙwabcinmu Malam Bitrus, aka yanka shi ɗaki-ɗaki aka zuba ɗalibai, yanzu inda matarsa take girki wani yaro ne ke kwana da janareta.

Ka tuna Maman Ngozi, mai busasshen kifi, da muka zauna gida ɗaya lokacin muna Sabon Gari? Ita ma hutu aka ce mata. 'Ya'yanta suka sa ta a jirgi da 'yar jaka ɗaya. Ta riƙa kirana tana tambayar wa ya karɓi rumfarta, ko mangwaron ƙofar gida ya yi 'ya'ya. Na ce mata ta dawo mana. Ta ce, "Saratu, ko hanyar tasha ban sani ba a garin nan." Daga sama aka sauke ta, mota ta kwashe ta zuwa cikin gida mai geti. A can ta rasu, ko jana'izarta ban samu zuwa ba.

Shi ya sa na ɗaura zanena na shiga keke na tafi neman hanyata. Na fara zuwa tsohuwar tasharku, jirgin da ka sani ba ya zuwa Fatakwal yanzu, ban daɗe ba na fito don zuciyata ta karye. Daga nan na wuce inda manyan motocin kudu ke lodi. Na zauna a benci na ƙare wa tayoyi kallo, na duba idon direban yadda ka koya min. Ta safe zan bi, in yada zango a Makurdi wurin Hannatu 'yar ƙanwarka, washegari in ƙarasa. Yara sun ce hanya ba tsaro, ana tare mutane. Gaskiya suka faɗa, ni ma gabana na faɗuwa. Amma zan sauka a tasha da ƙafata, in haddace sunanta da kwanar da ake bi, ranar da na so gida in kawo kaina ba sai na roƙi kowa ba.

Jiya da rana na kira Ishaya na faɗa masa, har da maganar mai tef. Na shirya zai musa. Bai musa ba. Sai ya tambaye ni wa zai ɗaga ni in na sake faɗuwa. Ashe ya ji. Kwanakin baya santsi ya kwashe ni a banɗaki, na kasa tashi tun safe har rana ta take, sai da matar maƙwabci ta jiyo ni ta kan katanga. Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Ɗanka kuka yake min a waya, ƙato da shi, yana cewa kai ka tafi yana nesa, ba zai iya jure a sake kiransa irin wannan kiran ba.

To ka ji. Zargina ya tabbata, amma ban ji daɗin cin gardamar ba. Zan tafi ta ƙasa, da yajina da daddawata, makulli kuma a ƙuguna. Na gaya musu babu mai taɓa bango ko ɗaya sai da bakina.

Sai dai yanzu wadda na fi zargi ni ce, maigida. Na san halina da jarirai. Ina tsoron in ɗauki yarinyar nan, ta damƙe min yatsa, in ce bari a yi wata guda, bari ta fara zama, bari ta yi haƙori. Kai kuma kana maƙabartar Sabon Gari cikin damina, ciyawa na tashi, ba mai zuwa ya cire maka.

Ubangiji ya kiyaye hanya, ya raba mu da mugun ji da mugun gani. Ya raya jikarka, ya kwantar wa Ishaya da hankali. Ya kuma ba ni ƙarfin ajiye ta a hannun uwarta in lokaci ya yi, in juyo in zo in same ka. In kuwa ka ga na daɗe, kada ka yi fushi da yaran, ni ce na kasa.

Taka har abada,
Saratu, Maman Ishaya
Samaru, Zariya