Boris ɗin Keken Malam Habila

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Malam Habila ya kawo kekensa rumfata da yamma. Maƙwabcina ne a nan Gyaɗi-Gyaɗi shekara goma sha huɗu, malamin lissafi a wata makarantar kuɗi can Unguwa Uku. Tun da fetur ya gagara ya jingine babur, surukinsa ya aiko masa da wannan keken na gwanjo, ba nauyi ko kaɗan. Tayar gaba ce ke gurnani, in ka kama ta ka girgiza sai ta yi wasa hagu da dama. Na ce boris ne, aikin rabin awa. Ya ce, "Malam Sani, Laraba za mu fara jarrabawa, bakwai da rabi ake rufe ƙofa. Shugaban makaranta ya yi mini magana sau biyu a kan latti." Na ce ya kwantar da hankalinsa, gobe ya zo ya ɗauka. Shekara ashirin da shida ina wannan sana'a, keke bai taɓa kwana biyu a hannuna ba.

Talata, 8 ga Yuli

Wanda ya ƙera keken nan, Allah ya shirye shi. Na ɗauko sifana, babu notin da zan kama. Murafe biyu ne kawai a gefen hob ɗin, wato cibiyar tayar, ka ja su da hannu su fita. A ciki kuma ba ƙwayoyin boris a sake irin na kekunanmu, waɗanda za ka zazzage, ka wanke da fetur, ka shafa giris ka jera. Wani zoben ƙarfe ne guda, an toshe fuskarsa da baƙar roba, ɗaya a dama ɗaya a hagu. To ni me zan yi? Na sa tsinin sukudireba na ɓanɓare robar, na tono ƙwayoyin. Ƙananan ne kamar gero, rabi duk tsatsa. Zoben ciki ya faɗo, na waje ya maƙale a hob. Na yi wa ɗaya gefen haka. Robobin da tarkacen na share su cikin kwata.

Malam Habila ya zo bayan la'asar. Na rufe tayar da tsumma, na ce gobe.

Laraba, 9 ga Yuli

Na tafi kasuwa da zoben ciki a aljihu, in sayo ƙwayoyi. Mai shagon ya juya shi ya ce, "Baba, ai wannan ba a zuba masa ƙwaya, gaba ɗaya ake canza shi. Ina lambarsa?" Na ce wace lamba. Wai a jikin robar take, a rubuce. Robar da ruwan jiya ya tafi da ita Allah kaɗai ya san ina. Kuma Baba yake ce mini, mutumin da furfurarsa ta fi tawa.

Ya gwada ramin zoben, ya miƙo guda biyu masu lamba 6902, ya ce su ne.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ba su ne ba.

Wuni guda ina fama da zobban da suka maƙale. Da ƙusa da guduma na fitar da su, duk sun lanƙwashe, na ƙuje babban yatsana. Na ɗora sabon a bakin hob, ya zauna a kai kamar murfin tukunyar da ba tata ba. Ramin tsakiya daidai, amma faɗinsa ya yi yawa. Na ɗaga guduma, na ajiye. Hob ɗin alminiyam ne, bugu ɗaya zai tsage.

Na ce wa Malam Habila laifin surukinsa ne da ya aiko da keken da babu kayansa a Kano. Ya ce, "To yaushe?" Na ce gobe, in sha Allahu.

Juma'a, 11 ga Yuli

Na koma kasuwa kafin masallaci, aka canza mini da 6802. Wannan kuma ya faɗa ramin yana rawa. Ɗaya ya yi girma, ɗaya ya yi ƙanƙanta, tsakaninsu mai shago ya ce babu komai. Kai, ni dai.

Asabar, 12 ga Yuli

Na yanka gwangwanin madara na naɗe wa ƙaramin, ya kama. Na ɗaura tayar, ta juya. Haka muke yi wa kura da amalanke, kuma suna tafiya. Na zauna ina kallonta, sai na tuna titin Zariya Malam Habila yake bi, tsakanin tireloli, kuma tayar gaba ce. Na kwance. Raina a ɓace yake tun safe, ko abinci ban ci da daɗi ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Maman Gloria, matar Malam Habila, ta tsaya a rumfa da suka dawo daga coci. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta yi. Ta ce kwana huɗu yana fita tun shida, ya tsaya jiran adaidaita a cikin ruwa, in bai samu ba ya taka da ƙafa, ga ciwon gwiwa. Ranar Juma'a an rufe ƙofa kafin ya isa, an ba shi takardar gargaɗi, an ce in ya ƙara kafin a gama jarrabawa kada ya dawo zangon gaba. Ta ce, "Na ce ya karɓe keken ya kai wani wuri, ya ce ba zai yi wa Malam Sani haka ba."

Na ce mata kaya ne ba a samu ba. Ta dubi tsumman da na rufe tayar, ta yi sallama.

Litinin, 14 ga Yuli

Na je wurin Lawan mai gyaran janareta a Tarauni. Shekara huɗu ba ma magana sai gaisuwa, tun ranar da ya ce a gaban mutane mai gyaran keke ba makanike ba ne. Na shiga da taya a kafaɗa, na shirya jin baƙar magana. Baƙar maganar ba ta zo ba, abin da ya fi ba ni haushi. Ya ɗauko ma'auninsa mai baki kamar sifana, ya auna ramin zoben ciki: sha biyar. Ya auna ramin hob: ashirin da shida. Zurfi: bakwai. Ya ce, "Na farkon da ka sayo ashirin da takwas ne, na biyun ashirin da huɗu. Milimita biyu ba a ganinta da ido, Sani. Abu uku ake aunawa, kai ɗaya ka kai musu."

Ya rubuta 15267 a kwalin ashana, ya kira wani mai sayar da kayan kekunan tsere a Sabon Gari. Akwai. Ashe duk kwanakin nan akwai.

Talata, 15 ga Yuli

Lawan ya ce kada guduma ta kusanci sabon boris. Dogon noti ake zurawa ta tsakiya, a sa faffaɗan washa gefe da gefe yadda za su danna zoben waje kaɗai, a riƙa ɗaurewa a hankali har ya zauna. In ka danna na ciki ka kashe shi tun bai yi aiki ba. Na goge ramin, na shafa giris kaɗan, na yi yadda ya ce. Suka shiga lafiya lau, ba ƙara ba ihu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Na ɗaura tayar a keke, na ɗaure, sai ta ƙi juyawa. In na sassauta ta juya, in na ɗaure ta cije. Na kusa jefa ta kan titi. Ina lalube a gwangwanin tarkace sai ga wani ɗan bututu da ya faɗo tun ranar farko, na jefa shi ciki don na ɗauka ba shi da amfani. Tsakanin boris biyun yake zama, shi ke hana su matsewa. Sai da na fitar da guda ɗaya, ya lalace wurin fita, na sake komawa Sabon Gari.

Da Malam Habila ya leƙo ban ce gobe ba. Na ce ban sani ba.

Laraba, 16 ga Yuli

An gama. Tayar tana juyawa shiru, har ka gaji da kallo ba ta tsaya ba, kuma ba ta wasa. Na kai wa Malam Habila keken har gida bayan la'asar. A zaure na faɗa masa abin da ya faru, robar da kwatar da komai, da cewa surukinsa ba shi da laifi. Ya daɗe yana murza birki. Sannan ya ce, "Malam Sani, ɓata boris ba komai ba ne. Da ka ce mini ba ka san shi ba tun Talata, da na kwana wurin ƙanina a Unguwa Uku har a gama jarrabawa. Kullum ka ce gobe, ni kuma kullum in yarda."

Takardar gargaɗin tana nan a fayil ɗinsa, gyaran taya ba zai cire ta ba.

Alhamis, 17 ga Yuli

Ƙarfe bakwai saura kwata Malam Habila ya wuce ta gaban rumfa a kan keken. Ya ɗaga hannu, bai tsaya ba. Da ma ba lokacin tsayawa ba ne, haka nake gaya wa kaina.

Da hantsi wani ma'aikacin jinya ya kawo irin keken, tayar baya, wai yana so yau. Na ce ban taɓa buɗe ta baya ba, ya ba ni kwana uku, ko ya kai wani wuri. Ya dube ni kamar na zage shi, ya tura kekensa ya tafi. Ya tafi mana. Ni dai ba don komai na faɗa ba, zafi ne ya yi yawa.